Amanar da Ke Tsakanin Harshe da Kunne a Sararin Samaniya

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi samaniya, ya ga faɗinta ba gini ba shinge, zai yi tsammanin da wuya jirage biyu su rasa wurin ratsawa har su yi karo. Alhali kuwa ma'abota wannan fanni sun san an yanka sararin nan hanya-hanya, an kuma jera shi hawa-hawa, ta yadda jirgin da ke tafe a bisan ƙafa 35,000, wani na iya gilmawa ta kansa a ƙafa 36,000, ba abin da ya raba su sai ƙafa dubu guda, wato mita 300 da 'yan kai, kowannensu kuma yana sheƙa gudun da ya wuce kilomita 800 a sa'a. Abin da ke tsare wannan 'yar tazara magana ce kurum: jami'in da ke zaune gaban rada a ƙasa ya faɗi lamba ta rediyo, matuƙi ya ji, ya maimaita masa, sa'an nan ya murɗa ta a na'urar da ke gabansa. Ra'ayina shi ne, muddin rayuka na rataye da wannan magana, to, wajibi ne a ɗauki maimaita ta da sauraron maimaicin a matsayin ginshiƙin aiki, a kuma daina ganin tambaya a matsayin gazawa, domin zato, ba rashin na'ura kaɗai ba, shi ne ya sha jefa jirage cikin halaka.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan asali. Idan malami ya biya wa ɗalibi karatu, ba ya sallamarsa don ya ce ya gane, sai ya maido masa abin da ya ji harafi da harafi, shi kuwa malamin ya kasa kunne, inda wasali ya kauce ya tsayar da shi nan take. Kuma in malami ya gafala ɗalibi ya wuce da kuskure, laifin nasu ne su biyu, gama shirun malami a wannan muhalli tabbatarwa ce. Haka ƙa'idar take a sama. Jami'i ya ba da izinin hawa ko sauka, matuƙi ya maimaita tare da sunan kiran jirginsa, in jami'i bai gyara ba, matuƙi ya ɗauka ya dace. Sai dai jami'in da ke magana da jirage goma ko fiye a zango guda, hankalinsa ya riga ya tafi ga na gaba, sau da yawa kunnensa kan jiyo abin da yake sa rai ya ji. Matuƙin da ya saba a ba shi wani hawa a wata hanya shi ma haka, musamman tsakanin ƙafa 10,000 da 11,000, waɗanda aka daɗe da sanin ana yawan rikita su.

Dubi abin da ya auku ranar 12 ga Nuwamba, 1996, a kusa da garin Charkhi Dadri, yamma da birnin Delhi na Indiya. Jirgin kamfanin Saudiyya ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Delhi zuwa Dahran, cike da ma'aikata masu zuwa neman halaliyarsu, aka ba shi izini ya tsaya a ƙafa 14,000. Jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76 kuwa yana shigowa ta hanyar nan guda, aka umarce shi ya tsaya a ƙafa 15,000. Umarnin ya fita daidai, an kuma amsa shi daidai, amma wanda ke amsawa a jirgin Kazakistan ma'aikacin rediyo ne da ke zaune a bayan matuƙa, su kuwa masu riƙe da jirgin Turancinsu bai nuna ba, sai suka ci gaba da gangarowa ƙasa da inda aka iyakance musu. Radar da ke Delhi a lokacin ba ta nuna wa jami'i tsawon da jirgi yake, iyakar saninsa abin da aka faɗa masa. Mutum 349 suka rasu, kuma har yau ba a yi karon jirage a sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Abin lura a nan, maimaici ya fito daga bakin da ba shi ne ke tuƙi ba, saboda haka ya zama lafazi ba tare da fahimta ba.

Wani lokaci kuma lafazin kansa ne ke da harshen damo. A watan Fabrairu na 1989, jirgin ɗaukar kaya na kamfanin Flying Tiger yana gab da sauka Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya, jami'i ya umarce shi ya sauko zuwa ƙafa 2,400, yana faɗin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da yake a Turanci kalmar da ke nufin biyu da wadda ke nufin zuwa amonsu guda ne, sai matuƙa suka ji an ce su sauko zuwa ƙafa 400, suka maimaita haka, ba a gyara musu ba, na'urar gargaɗin kusantar ƙasa ta yi ta kururuwa ba su kula ba, har suka daki tudu, duka mutum huɗun da ke ciki suka rasu. Da ɗayansu ya ce ƙafa 400 ta yi ƙasa ƙwarai a nan, a sake tambaya, da magana ta ƙare. Amma girman kai da kunyar a ce mutum bai ji ba sukan rufe bakin gwani, alhali Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa matambayi ba ya ɓata.

La'alla wani ya ce zamani ya wuce wannan, tunda yanzu manyan jirage na ɗauke da na'urar da ke hango jirgin da ke kusa, ta ce wa wannan hau, ta ce wa wancan sauka. Na yarda ta ceci rayuka masu yawa, amma ba ta ɗauke wa ɗan Adam nauyinsa ba, kuma hujjata ita ce daren 1 ga Yuli, 2002, a saman garin Überlingen na kudancin Jamus. Jirgin Rasha mai ɗauke da yara 'yan makaranta da jirgin kaya na DHL suka nufi wuri guda a ƙafa 36,000, jami'in da ke kula da su daga Zurich kuwa shi kaɗai ne a bakin aiki, yana kula da kujeru biyu, ana kuma gyaran wasu kayan aikinsa. Da ya farga, sai ya umarci na Rasha ya sauko, daidai lokacin da na'urarsu ke cewa su hau, suka bi muryar mutum, shi kuma na DHL ya bi na'urarsa ya sauko, suka haɗu, mutum 71 suka halaka. Bayan haka ne aka fayyace ƙa'ida cewa in umarni biyun suka saɓa, na'urar ake bi. Darasin da na fi gani a nan shi ne, jami'in da aka bari shi kaɗai cikin dare da kayan aiki rabi da rabi, an riga an shirya masa kuskure tun kafin ya buɗe baki.

Maganin da ya fi burge ni ya samo asali ne daga wani haɗari a Amurka. Ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin kamfanin TWA mai nufin filin jirgin sama na Dulles ya samu izinin fara shirin sauka, matuƙa suka fahimci an halatta musu gangarowa zuwa ƙafa 1,800 nan take, jami'i kuwa yana nufin su kiyaye iyakar da taswirarsu ta nuna har su wuce duwatsu. Suka daki dutsen Weather, mutum 92 suka rasu. Da aka yi bincike, sai ta bayyana cewa makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun yi irin wannan kuskure a wurin, suka tsira da ƙyar, suka kuma ba da labari a cikin gidansu, amma labarin bai isa ga sauran kamfanoni ba. Wannan ya sa a 1976 aka kafa tsarin da matuƙi ko jami'i zai kai rahoton kuskurensa a asirce, aka damƙa shi ga hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta kowa, don mutane su faɗi gaskiya ba fargaba.

Mas'alar ta shafe mu kai tsaye, domin sararin Nijeriya da ake kira da sunan Kano yana iyaka da na Yamai da na Njamena, inda hukumar ASECNA ke kula da zirga-zirga kuma ake jin Faransanci tare da Turanci a rediyo, jiragen alhazanmu kuma kowace shekara sai sun bi ta hannun jami'ai masu harsuna dabam-dabam kafin su isa Jidda ko Madina. Tun 2008 Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta wajabta wa matuƙa da jami'an da ke aikin ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu cikin shida a jarrabawar Turanci, kuma hakan daidai ne, da sharaɗin jarrabawar ta zama ta haƙiƙa, kada takarda ta riga ilimi fita. Saboda haka ina kira ga hukumomin da abin ya rataya a wuyansu, da makarantun da ke horar da waɗannan ma'aikata a Zariya da Yamai, su tsananta a kan lafazin da aka ƙayyade ba ƙari ba ragi, su wadata ma'aikata da hutu da abokan aiki da rediyo mai fita sarai, su kuma buɗe ƙofar da mai kuskure zai shigo ya faɗa ba tare da tsoron kora ba, in dai ba ganganci ya yi ba. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma shari'a ba ta taɓa karɓar ƙaddara a matsayin uzurin sakaci ba, kuma wanda aka ba amanar rayukan jama'a za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kuma yi wa masu tsaron hanyarsu jagora.