Ƙullin Sarƙa Da Ran Lebura A Kafanchan

Garin Kafanchan da ƙarfe ya tashi. A shekarar 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, kwal na haurowa daga Inugu, kuza na gangarowa daga tsaunukan Filato. A wancan zamani idan tarago ya sauka daga kan dogo, ko ana so a ɗaga wani sashe na kan jirgi a loko, ba a taɓa sarƙa sai helma ya dubi lambar da ke jikinta ya san nauyin da aka yarda ta ɗauka. Harkar jirgi ta ja baya, amma ɗaga kaya masu nauyi bai ragu ba, sai dai ya koma hannun makanikai da masu walda da masu lodin gumaken itace irin na dajin Nimbiya, da masu sauke janareto da taransfoma. Sarƙa tana nan, tarbiyyar da ke tare da ita ce ta yi ƙaranci.

Abin da ya fi ban tsoro a wannan sana'a shi ne yadda ake rage tsawon sarƙa. Dalilin ragewar kuwa sananne ne. Da wuya kaya su zo da nauyi daidai ta kowane ɓangare. Injin babbar mota ya fi nauyi ta gefe guda, haka janareto, saboda haka idan aka rataye shi da ƙafafun sarƙa biyu masu tsawo ɗaya sai ya karkace. Dole a gajarta ƙafa guda. To, a nan ne mai gaggawa yakan ƙulla sarƙar kamar igiyar guga, ko ya haɗa zobe biyu ya zura musu ƙusa ko guntun rodi, ya ce a ja.

Shi zoben sarƙa an ƙera shi ne don a ja shi ta tsawonsa, nauyi ya sauka a kan lanƙwasar da ke kai da gindi. Da zarar an yi ƙulli, zobba sun hau juna a gicciye, nauyin ya koma yana tanƙwara su ta gefe, inda ba su da ƙarfi. Ƙusa da rodi kuwa ƙarfe ne mai taushi idan aka kwatanta da na sarƙa, ko dai su lanƙwashe su zame, ko su katse farat ɗaya. Sarƙa ba ta yin kashedi kamar igiya, wadda ake ganin zarenta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma wanda ke tsaye kusa da kayan yana daidaita su da hannu ba mai garejin ba ne, yaron shago ne ko lebura ɗan ranar.

Alhali kuwa maƙeran sarƙa sun daɗe da yin abin da ya dace da wannan aiki, iri biyu. Na farko ƙugiya ce mai tsukakken baki, wadda tsagarta ba ta wuce kaurin sarƙar ba. Ana saka zobe ɗaya a tsagar a tsaye, sai zoben da ke biye ya tokare, ba ya wucewa. Mai kyau a cikinsu tana da kafaɗu biyu a gindin tsagar, inda zoben yake kwanciya ba tare da ya tanƙware ba, don haka sarƙar tana riƙe da cikakken ƙarfinta. Wadda ba ta da kafaɗun, yawanci sai an rage kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da aka yarda wa sarƙar. Na biyu kamar dunƙulen hannu yake, an fafe cikinsa daidai siffar zobe, zoben ya shiga ya zauna daram, wasu har da ɗan makullin da ke hana sarƙa fita idan ta yi sako-sako. Sharaɗinsa shi ne ƙafar da ke ɗauke da kaya ta fito ta ƙasansa, ragowar sarƙar ta yi lilo ta sama. Wanda ya juya shi ya ɓata aikin duka.

Har ila yau ba kowace ƙugiya ke shiga kowace sarƙa ba. Lalle ne kauri ya zo ɗaya, daraja ta zo ɗaya. Sarƙar ɗaga kaya ta gaske akwai lamba 8 ko 80 a buge jikin zobbanta, wata kuma 10 ko 100, wadda ta fi ta farko da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lamba 8 mai kaurin milimita 10 an yarda mata tan 3.15 a miƙe, mai milimita 13 tan 5.3, mai milimita 16 tan 8. An ƙera ta yadda ba za ta tsinke ba sai nauyi ya ninka haka sau huɗu, amma wannan rarar ta fizga ce da tsufa, ba guzurin mai ƙulli ba ce. Sarƙar da direbobi ke ɗaure katako da ita a bayan tirela kuwa ta ɗauri ce kawai, ba a yi ta don rataya kaya bisa kan mutane ba, ko da yake a kasuwar gwanjo duk tsibi ɗaya ake zuba su.

Akwai kuma wani lissafi da mai gajartawa yakan manta. Duk sa'ad da aka rage tsawon ƙafafu, sai su ƙara buɗewa, kuma iyakar buɗewarsu iyakar wahalarsu. Idan kusurwar da ke tsakanin ƙafa biyu ba ta wuce digiri 90 ba, su biyun suna ɗaukar nauyin ƙafa ɗaya sau 1.4, ba sau biyu ba. In ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana jin nauyin kayan gaba ɗaya, kamar ita kaɗai ce. Abin da ya wuce nan haramtacce ne a ƙa'idar aikin.

Ita kuwa walda, gara a bar ta. An gasa ƙarfen sarƙa an kashe shi da awo a masana'anta, wutar mai walda tana warware wannan gashi, zoben da aka yanke aka liƙe ya zama shi ne zai fara budewa. Zoben da ya cinye kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, ko ya miƙe da kashi 5, shi ma ya gama aiki.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rubuta wa kowace sarƙa da ƙugiya nauyin da aka yarda mata, a kuma sa gwani ya bincika su aƙalla sau ɗaya cikin wata shida, a ajiye rajista. Sai dai sufeton Ma'aikatar Ƙwadago ba zai leƙa kowace rumfa daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa da Kwoi ba. Waɗanda ke da ikon yin haka su ne ƙungiyoyin makanikai da masu walda da masu lodi, tun da suna karɓar kuɗin mako kuma maganarsu tana da nauyi wurin 'ya'yansu. Kuɗin ƙugiya biyu masu kafaɗu bai kai na jinyar ƙafar da inji ya faɗa wa ba. Ƙungiya tana iya sayen nata ta riƙa ba da aro, ta kuma nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya a garin su zo su nuna wa yara yadda ake karanta lambar da ke jikin zobe kafin a ce a ja.