Kimiyya A Sauƙaƙe: Awon Makankarin Shaida

Duk wanda ya san kara ya san yadda mahauci ke shafa wa sa fenti, alamar an saye shi. Haka jikin mutum da na dabba ke yi. Akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, wanda jiki ke maƙala wa sauran furotin a matsayin shaida. Wani sa'i ma'anarta a rushe wannan ya tsufa, wani sa'i kuwa ƙararrawa ce cewa cuta ta shigo. Masana uku da suka gano wannan tsari, watau Ciechanover da Hershko da Rose, sun sami kyautar Nobel a 2004.

To, akwai kuma waɗansu sinadarai, kusan iri 100 a jikin ɗan Adam, da aikinsu shi ne kankare shaidar. Abin tsoron shi ne wasu ƙwayoyin cuta suna zuwa da nasu makankarin. A 2007 aka gano haka ga ƙwayar zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaska ke ɗauka daga shanu zuwa makiyaya da mahauta. Ƙwayar ciwon boru ma haka take. Da ta kankare shaida, sai garkuwar jiki ta makara.

Yaya ake auna ƙarfin makankarin? Akan ɗaura wa yubikwitin wani rini mai suna AMC, wanda haskensa ke dushe muddin yana ɗaure. Sa'an nan a zuba makankarin, a sa cikin na'ura mai karanta haske. Duk inda ya yanke, sai rinin ya kuɓuta ya haskaka, saurin ƙaruwar hasken kuwa shi ne ma'aunin. In aka ɗiga wani magani hasken ya daina ƙaruwa, an sami abin bibiya ke nan. Ta wannan hanya ake iya jarraba ɗaruruwan magunguna, har da na itatuwan gargajiya, ba da faɗar baki ba.

Amma fa aikin yana da sharaɗi. Makankarin yakan lalace in ya ji ɗumi, don haka akan ajiye shi a sanyi mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Wutar lantarki in ta ɗauke kwana guda, aikin watanni na iya salwanta.

A nan zancen ya iso Rayfield, mazaunin Gidan Gwamnatin Jihar Filato da manyan masu hali. Ƙaramar hukumarsu ɗaya da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, ga kuma Jami'ar Jos kusa. Masana akwai su, shanu da kaska ma akwai. Ya kamata mahukunta da attajirai su ɗauki nauyin na'ura, da firji, da wutar rana, da ɗalibai masu koyon wannan awo, domin dukiyar makiyayi da ran mahauci ake karewa. Allah ya sa a duba.