Manhajar da Ke Ɗauko Sauran Jikinta Daga Baya: Daga Ina Take Ɗaukowa?

Ba kowace manhaja ce ke shiga wayarka a cike ba. Wasu gangar jiki kawai suke zuwa da ita. Sai ka taɓa wani maɓalli, sannan su ɗauko ɓangaren da zai yi wannan aikin, su jona shi suna cikin aiki. Tsohuwar dabara ce a duniyar kwamfuta: a Windows fayilolin .dll ne, a Mac .dylib, a Linux da Android kuma .so.

Ni ina goyon bayan wannan tsari. Mutumin da ma'ajiyar wayarsa ta cika, yana lissafin data kamar kuɗin cefane, don me zai sauke abin da ba zai taɓa buɗewa ba? Ɗauki manhajar banki: ɓangaren ɗaukar hoton katin shaida ranar buɗe asusu kawai ake buƙatarsa. Google ta fito da Android App Bundle a 2018, ta kuma wajabta shi ga sabbin manhajojin Play Store daga Agustan 2021, kuma ta cikinsa ake iya ware irin wannan ɓangare a bar shi sai an nema.

Sai dai ɓarayi ma sun gane hanyar. Muguwar manhajar nan Joker takan shiga Play Store da fuskar mutunci, ta tsallake bincike, sai ta zauna a waya ta ɗauko ɓangaren da zai yi wa mutum rajistar sabis na kuɗi bai sani ba. A farkon 2020 Google ta ce ta cire manhajoji sama da 1,700 na wannan dangi. A 2021 kuma Kaspersky ta gano Triada a cikin FMWhatsApp, wanda aikinsa shi ne janyo wasu miyagun ɓangarori.

Shi ya sa Google ta hana manhajojin Play Store ɗauko irin waɗannan fayiloli daga waje, Apple ma ta kafa tata dokar. Wasu abokan sana'ata na ganin takura ce. Ban yarda ba. Idan manhaja za ta iya sauya halinta bayan an bincike ta, binciken ya zama aikin banza.

'Yan'uwa masu haɗa manhaja, ku raba ta gida-gida don tausaya wa masu ƙananan wayoyi, amma kowane ɓangare ya biyo ta kantin da ya tantance shi. Kai kuma mai waya, GBWhatsApp da sauran APK da ake tura maka ta Xender ba su bi ta wannan tantancewa ba. A wayar da kake karɓar lambar OTP ta banki kake shirin saka su. Goge su, ka sauke na asali daga Play Store.