Aska, Kilifa da Reza: Lissafin Aski a Karaye da Rogo

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu wata sana'a mai dogaro da janareta da ba ta sake farashi ba, kuma aski na cikinsu. Litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A tsakanin nan aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta tsallake 1,500. Mai shagon aski a cikin garin Karaye ko Rogo ya sha duka biyun, domin kilifarsa daga waje take zuwa, bakinta daga waje, man da ke juya janaretarsa kuma ga yadda ya koma. Wanda ya samu hali ya koma sola da kilifa mai caji, su ma da dala ake shigo da su. Madatsar ruwa ta Challawa tana gefen Karaye tun 1992, amma ba ita ke juya kilifar kowa ba.

Ra'ayina a nan mai sauƙi ne. Malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zaune a wannan yanki zai rage kuɗin askinsa da fiye da rabi idan ya mallaki gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a sa rezar nan mai baki biyu a ɗaure. Dalilin arharsa kuwa ba tsufansa ba ne. Dalilin shi ne babu kamfani ɗaya da ya mallaki rezar da yake ci.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san abin da muke askewa, domin ba irin na Bature ba ne. Akasarin rubuce-rubucen da ake yi kan reza a Turai da Amurka suna magana ne a kan mutumin da ke kankare haɓarsa kowace safiya kafin ya fita ofis. Bahaushen Karaye sau da yawa gemunsa na nan, abin da yake bukata shi ne a kwashe masa kai, a daidaita saje da gefen kumatu, a rage gashin baki. Sai kuma askin da ba a kai wa kowa, wato na hammata da na mara, wanda hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya ƙayyade kada ya wuce kwana 40. Wannan na ƙarshen ya shafi mace da namiji, kuma shi ne ƙofar da abin askin roba, wanda ake amfani da shi sau biyu ko uku a jefar, ya bi ya shiga kusan kowane gida.

Mu ƙaddara aski ɗaya naira 500 ne, mai karatu kuma ya sa farashin unguwarsu a madadinsa. Wanda ke zuwa shago duk mako domin Juma'a zai biya 26,000 a shekara. Idan yana da 'ya'ya maza uku da ake yi wa aski duk mako biyu a kan 300, an ƙara 23,400. Jimilla 49,400, kusan kashi 70 cikin 100 na albashin wata guda ga wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024. Ba a ma sa abin askin roba a ciki ba, wanda idan 400 ne kuma ana sayen ɗaya a mako, ya ci wata 20,800. To mu ce gidan reza 4,000 ne, reza ɗaya 100, ana sauya ta mako-mako. Shekarar farko 9,200 ke nan, kowace shekara bayanta 5,200. Ko da mutum bai daina zuwa shago ba, ya mayar da shi sau ɗaya a wata yana gyara sauran da kansa, 26,000 ɗin nan ta koma 11,200 daga shekara ta biyu. Kuɗin ba za su sayi fili ba, amma a gidan da ake auna masara da kwano ba abin rainawa ba ne.

Yadda aka yi rezar ta zama ta kowa labari ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya kafa kamfani a 1901 a kan dabarar cewa maimakon aska mai kauri da ake wasawa, a yi siririn ƙarfe mai arha da za a jefar idan ya dakushe. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 da reza 168 kawai suka fita. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe masa kasuwa, lokacin da rundunar sojan Amurka ta raba wa dakarunta kayan askinsa sama da miliyan uku, suka koma gida da sabon sabo. Ana yawan koyar wa ɗaliban kasuwanci cewa Gillette ya karyar da farashin gidan ne domin ya ci riba a kan reza. Masanin shari'a Randal Picker na Jami'ar Chicago ya bi tsofaffin takardun farashi ya nuna ba haka aka fara ba. Muddin haƙƙin mallakar ƙirar na hannunsa, dala 5 yake sayar da gidan, kuɗi masu nauyi a wancan zamani. Sai da haƙƙin ya ƙare a 1921, kowa ya samu damar ƙera irinsa, farashi ya sauko.

Daga wajen 1930 siffar rezar ta tsaya a yadda muka san ta, da tsagar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, sauran suka bi. Abin da wannan ya haifar shi ne Lord ta Masar, da Dorco ta Koriya ta Kudu, da Treet ta Pakistan, da Tiger da Nacet mai hoton kada da muka taso muna gani, duk suna shiga gida ɗaya, ko da gidan na kakan mutum ne. Inda kowa ke iya ƙera abu kuwa, babu mai iya tsawwala masa farashi.

Manyan kamfanonin sun gane hakan, shi ya sa suka bar fagen suka buɗe wani. A 1971 Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu a jere cikin kan roba, a 1975 Bic na Faransa ya kawo wanda ake jefarwa gaba ɗaya, sai Mach3 mai baki uku a 1998, sai Fusion mai biyar a 2006. Kowane sabon kai yana da mariƙinsa da ba ya karɓar na wani, kuma yana da sabon haƙƙin mallaka. Wanda ya sayi mariƙin ya ɗaura aure da kamfanin. Girman ribar da ke ciki ya fito fili a 2005, da Procter & Gamble ya sayi Gillette a kan dala biliyan 57.

Wannan bambanci ya fi nauyi a Rogo fiye da Legas, ko ma cikin birnin Kano. Wanda aka tura aiki Zarewa ko Fulatan, ko Kurugu da Turawa a ɓangaren Karaye, idan kan Mach3 ɗinsa ya dakushe sai ya jira mai shiga birni, kuma ba shi da tabbacin abin da za a kawo masa na gaske ne. Reza kuwa tana kan teburin kowane mai kayan koli, kusa da ashana da magi, ana sayar da ita ɗai-ɗai. Tela na farke ɗinki da ita, ɗan makaranta na fiƙe fensir, ana yanke farce. Kayan gyaran wannan na'ura sun riga ta isa ƙauye da shekaru masu yawa. Gidan ne kawai ya ɓace daga kasuwanninmu, sai an nema a Sabon Gari ko a yi odarsa ta intanet, kuma sau ɗaya ake sayensa. Shawarata ita ce a duba nauyinsa da yadda zarensa ke ɗauruwa, domin akwai na gwangwani da bakin reza ke karkacewa a ciki, irin wanda ya sa aka ce araha ba ta ado.

Akwai kuma lissafin da ya fi na aljihu girma. Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, a maza kuma adadin ya haura kashi 10. Wannan ƙwayar cuta na iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe har kwana bakwai, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Allurar rigakafinta ba ta shiga jerin na jarirai a ƙasar nan ba sai 2004, ke nan mafi yawan magidantan yau ba su samu ba. Kilifar da aka wasa bakinta domin ta fitar da layin goshi tana yanka, ko da ido bai ga jini ba. Goge ta da burushi, ko ɗiga mata fetur a kyasta wuta na daƙiƙa biyu kamar yadda wasu ke yi, ya fi kwantar da hankalin mai jiran layi fiye da kashe ƙwayar cuta. Gwaji da magani na shekara da shekaru, da zirga-zirga zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun ninka duk abin da muka lissafa a sama.

Fatarmu ma tana da nata hukuncin. Gashin baƙar fata nannaɗewa yake yi, kuma kan aski mai baki da yawa an ƙera shi ne domin bakin farko ya ja gashin, na bayansa ya yanke shi ƙasa da saman fata. Idan ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, ƙuraje su feso a wuya da ƙarƙashin haɓa. Baki ɗaya yana yankewa ne daidai da fata. Sai dai yana bukatar a koye shi. A jiƙa gashin da ruwan ɗumi, a sa kumfa sosai, ko ta sabulun salo ce, a kwantar da gidan kaɗan, a bar nauyinsa ya yi aikin ba tare da dannawa ba, a bi inda gashin ya kwanta. A makon farko za a yanke, wannan babu makawa, alam kuma na tsayar da jinin. Ƙeya ita ce mai wuya, sai da madubi biyu ko hannun wani. Wanda saisaye yake yi ba ƙwalkwabo ba, reza ba za ta yi masa ba, kilifa mai caji tasa ta kansa ita ce daidai da shi.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce ta abincin wani. Shagon aski na cikin sana'o'i kaɗan da matashi zai buɗe da ƙaramin jari a garin da ba kamfani, kuma majalisa ce da ake jin labarin siyasa da na ƙwallo. Idan duk masu albashi suka janye, wa zai zauna a kujerar? Ban raina wannan tambaya ba. Amma abin da nake kira gare shi ragewa ne ba ƙauracewa ba, kuma mai shagon da fetur ke cinye ribarsa shi ma reza mafita ce gare shi, domin ba ta jiran wuta. Da yawansu sun riga sun fara karya sabuwar reza biyu a gaban mai aski, su yi gyaran fuska da rabi.

Wanzami kuwa, wanda ya riga su duka, bai taɓa bukatar janareta ba. Tsarinsa na da ya fi kowanne dacewa da aljihun manomi, domin kowane gida da wanzaminsa, yana zagayowa da zabira, a sallame shi da dami idan kaka ta yi, ga kuma rabonsa ranar suna. Sana'a ce mai sarauta, har da Sarkin Aska, kuma har yau shi ke askin jariri a rana ta bakwai, shi ke ƙaho da kaciya a ƙauyuka da dama. Rauninsa ɗaya ne, aska guda da ke bin kawuna da yawa, a wasa ta a fata a wuce kan na gaba. An ce wanzami ba ya son jarfa, gyara ma ba kowanne ke so ba, amma da wuya a samu wanda zai ƙi sabuwar reza idan maigida ya miƙa masa ita a cikin takardarta, musamman ranar suna da kan ɗan kwana bakwai ke hannunsa. Tun da dokar Yulin 2024 ta mayar da masarautar Karaye a kan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, fada na da hanyar da za ta tara wanzaman yankin ta hannun shugabanninsu, tare da sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu, a mayar da reza ɗaya ga kai ɗaya ƙa'idar sana'a, a kuma yi musu gwaji da rigakafin ciwon hanta, tunda su ne suka fi kowa taɓa jini.

Saura batun inda tsohuwar reza za ta tafi, wanda shi ne haɗarin da gidan reza ke shigowa da shi cikin gida mai yara. Idan aka jefa ta a shara za ta bi taki zuwa gona, ko yaro ya tsince ta ya fiƙe fensir, ko ta yanki mai tonon bola. A samu gwangwanin madara ko na tumatir mai murfi, a huda masa siririyar tsaga, a riƙa zura ta ciki, a ajiye inda hannun yaro ba ya kai. Reza 52 na shekara guda ba za su cika shi ba, idan kuma ya cika a daddanne bakinsa a ba 'yan gwangwan.