Wasiƙa Zuwa Ga Masu Hura Gilashi Da Malaman Da Ke Koyar Da Sana'ar

  Maganar koyarwa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina a nan ne sana'arku za ta tsaya da ƙafarta ko ta durƙushe.

Ku tuna mafarinku. A watan Maris na 1962, cikin wani gareji na gidan kayan fasaha na Toledo a jihar Ohio ta Amurka, Harvey Littleton, wanda asalinsa malamin ginin tukwane ne, ya tara mutane kaɗan don su gwada narka gilashi a ɗan ƙaramin tanderu. Kafin wannan lokaci, duk mai son aikin gilashi sai ya nufi masana'anta, inda wani ke zana siffa, wasu dabam su hura. Gwajin farko bai yi ba, gilashin ya ƙi narkewa yadda ake so. Sai Dominick Labino, masani a wani kamfanin zaren gilashi, ya gyara tanderun, ya kawo ƙananan ƙwallayen gilashi masu saurin narkewa. Sannan wani dattijo mai suna Harvey Leafgreen, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana hura gilashi a masana'anta, ya nuna musu yadda ake sarrafa bututu. Kowa ya kawo abin da ya sani, ba wanda ya ɓoye nasa. Daga nan Littleton ya buɗe aji a Jami'ar Wisconsin, ɗalibansa kuma suka bazu: Marvin Lipofsky ya kai sana'ar zuwa jami'ar Berkeley a 1964, Dale Chihuly ya kafa sashen gilashi a makarantar zane ta Rhode Island, ya kuma jagoranci kafa makarantar Pilchuck a jihar Washington a 1971.

Akwai wata magana ta Littleton da ɗalibai suka daɗe suna maimaitawa, cewa iya hannu abu ne mai araha, tunanin mai fasaha shi ne mai tsada. Na fahimci nufinsa, amma ina roƙonku kada ku koyar da ita a matsayin doka. Ku dubi ayyukan shekarun farko na Amurkawa: masu kauri, masu nauyi, baki a karkace. Tunanin yana nan, hannun ne bai iso ba. Hannun ya iso ne sa'ad da irin su Lino Tagliapietra suka tsallako daga Murano. Wannan tsibiri na Italiya, tun 1291 hukumar birnin Benis ta tattara tanderun gilashi a cikinsa, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana hana gwanayensa fita da sirrin sana'a. Tagliapietra ya shiga shago yana ɗan yaro, ya zama gwani yana da shekara 21, amma a 1979 ya je Pilchuck ya shimfiɗa wa baƙi abin da ya koya, ko da yake wasu 'yan garinsu ba su ji daɗi ba. Hakan bai rage masa komai ba. Sunansa ma ƙara ɗaukaka ya yi, ɗaliban da ya koyar kuma su ne manyan malamai a yau.

Saboda haka ku bar yaro ya daɗe a kan abu ɗaya. Ya hura kofi, ya fasa, ya sake hurawa, har hannunsa ya san nauyin narkakken gilashi a bakin bututu ba tare da ido ya duba ba. Gilashin da ake ɗebowa daga tanderu zafinsa ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba ya jiran kowa ya gama tunani. Ku koya masa haƙurin sanyayarwa tun ranar farko: abin da aka gama sai an sa shi a tanderun hucewa mai zafin kusan digiri 500, a riƙa rage wutar sannu a hankali. Wanda aka yi wa gaggawa zai iya fita lafiya ƙalau a ido, bayan mako guda ya tsage a kan teburin mai saye. Kada kuma ku yi sakaci da tabarau na kare ido da abin rufe hanci lokacin haɗa garin gilashi, domin ƙurar yashi idan ta zauna a huhu ba ta fita.

Ga wata magana da ta fi damuna. Aikinku na taron hannu ne. Chihuly ya rasa ganin idonsa na hagu a haɗarin mota a Ingila a 1976, bayan shekara uku kafaɗarsa ta goce, daga nan ya koma yana jagorantar masu hurawa, kuma bai ɓoye hakan ba. To ku da kuke sa hannu a gindin kaya, ku riƙa ambaton wanda ya ɗebo gilashi, da wanda ya kare muku hannu daga wuta, da wanda ya kwana yana gadin tanderu. Ku biya su da kyau. Yaron shagon da aka ɓoye sunansa shekara goma yakan bar sana'ar, ya tafi da abin da ya koya.

Na san kuɗin wuta ya matsa muku. Tanderu ba a kashe shi dare da rana, kuma lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2021 da 2022, shagunan Murano da dama sun kashe wuta. A Ingila, Jami'ar Sunderland ta sanar da shirin rufe cibiyar gilashi ta ƙasa da aka buɗe a 1998. Idan jami'o'i suka janye, shagunanku ne za su zama makarantu. Ku haɗa kai mutum huɗu ko biyar a tanderu ɗaya, ku ware wa masu koyo sa'o'insu a kowane mako.

Mu a nan mun ga yadda ilimi ke sulalewa. Masagan Bida a ƙasar Nufe sun daɗe suna yin tsakiya da awarwaro na gilashi, kuma a da su da kansu suke haɗa gilashinsu daga yashi da kanwa. Da kwalabe suka yawaita, narka kwalba ya fi sauƙi, aka bar haɗin gargajiya har ya koma sai a bakin dattawa. Idan akwai dattijo a shagonku da ya san wani haɗin launi ko wani juyin hannu da ba kowa ya iya ba, ku zaunar da shi a gaban ɗalibai cikin wannan wata, ku ɗauki bidiyo, ku rubuta awon a littafi, sannan ku sa yara su maimaita a gabansa har ya ce ya yi.