ZANCEN KASUWA: Ko Doka Za Ta Yanke Wa Ciniki Farashi?

Sau da yawa akan kawo ƙara gaban dattawanmu, wani ya ce ya sayar da kayansa da araha, yana so a warware ciniki. Waɗansu kuwa na cewa ya kamata doka ta soke duk cinikin da farashinsa bai yi adalci ba. To, mu duba.

Dokar da Ghana ta gada wurin Ingilishi ba ta auna tsada ko araha. In an taya, an sallama, ciniki ya faɗa, sai fa in an yi zamba ko tilas, ko an ci zalin wanda ba shi da ƙarfi. Dokar sayar da kaya ta 1962 ta ce in ba a yanke kuɗi ba, mai saye ya biya abin da ya dace.

Mun ga yadda ta kasance da gwamnati ta sa hannu. An ƙayyade farashi tun zamanin Nkrumah. Zamanin Acheampong sukari da sabulu da madara suka ɓace daga kanti, suka koma bayan fage, watau kalabule. A 1979 soja suka rushe kasuwar Makola a Ankara, aka yi wa 'yan kasuwa bulala, kaya dai ba su wadata ba. Daga 1983 aka shiga janye ƙayyadewar.

Malamanmu sun daɗe da rarrabe al'amarin. An roƙi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke farashi a Madina, bai yarda ba. Amma ya hana tarbar fatake a hanya kafin su san kuɗin kasuwa. Malaman Malikiyya sun ce wanda bai san farashi ba, ya ba da amana aka ƙware shi, yana da ikon warwarewa.

Ga ra'ayinmu. Goron da ya yi tsada da safe ya kan faɗi da la'asar, wane alƙali zai auna wannan? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Amma baƙon da ya sauka da shanunsa, da gwauruwa, da maraya, lalle doka ta tsaya musu. Ku kuma masu gida da dillalai, ku faɗa wa baƙo gaskiyar kasuwa, ku karɓi la'adarku halal. Allah ya sa mu dace, amin.