Mun Auna Wake, Yaushe Za Mu Auna Mai Feshi?

Duk wanda ya bi ta Kadawa ko Kura lokacin noman rani ba zai rasa ganin matashi goye da tankin feshi ba, babu takunkumi balle safar hannu, iska tana dawo masa da ruwan a fuska. In ka tambaye shi abin da ke cikin tankin, sai ya ce magani ne. A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar nan ta daɗe tana damuna, domin da ita muke kiran abin da ke warkarwa, alhali abin da ke bayan yaron nan guba ce.

Mai karatu, ga yadda take aiki. Irin su dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, suna daƙile wani sinadarin jiki da ake kira kolinestares, wanda jijiyoyi ba sa aiki daidai sai da shi. Alamomin farko su ne ciwon kai da jiri da zufa da tashin zuciya, shi ya sa mai feshi yakan ɗauka gajiya ce ko zazzaɓin cizon sauro, gobe ya sake goya tankinsa.

To amma yanzu ana iya auna wannan ɓarna kafin ta kai mutum ƙasa. Akwai 'yar na'ura ta tafi-da-gidanka da ke auna sinadarin da ɗigon jinin yatsa cikin mintoci. Akwai kuma awarwaron roba da masana na Jami'ar Jihar Oregon a Amurka suka samar, wanda ke tsotse irin gubar da ta taɓa mai sanye da shi, daga baya a kai shi ɗakin gwaji. An jarraba shi ga manoman Diender a Senegal, aka buga sakamakon a 2016. Jihar Kalifoniya kuwa tun 1974 ta wajabta gwajin jinin masu yawan aiki da irin wannan guba.

Abin takaicin shi ne, mu ma mun san darajar awo. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan dichlorvos, nan take hukumomi suka tashi tsaye, don kuɗin shiga ya taɓu. Ashe wake ya fi jinin wanda ya zuba masa gubar daraja?

Na san za a ce na'urorin suna da tsada, kuma mai gona na iya sallamar wanda awonsa ya nuna matsala ya ɗauko wani. Tsoron gaskiya ne. Shi ya sa nake kira ga gwamnatocin jihohi da su ajiye na'urar a ƙananan asibitoci na yankunan noman rani, a auna mai feshi kafin fara aiki da kuma tsakiyarsa, a bayyana masa sakamakon da Hausar da zai gane. Wanda aka samu da matsala a sauya masa aiki ba tare da ya rasa ladansa ba.

Kafin nan, malaman gona da gidajen rediyo su kira abin da sunansa: gubar ƙwari. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Allah Ya kare manomanmu.